Chrome da Firefox sun daina kula da Windows 7: me wannan ƙa'ida ke nufi ga mai tsohuwar kwamfuta?

Tun ranar 7 ga Fabrairu 2023 da Google ta fitar da Chrome na 110, duk kwamfutar da ke kan Windows 7 ko Windows 8.1 ta tsaya a kan na 109. Ba za ta ƙara gaba ba, ko da mai ita yana haɗa ta da intanet dare da rana. Microsoft ta yi haka da burauzarta Edge, ita ma ta tsaya a 109. Da yake Opera da Brave a kan tushen Chromium aka gina su, wanda shi ne ƙashin bayan Chrome, su ma sun bi sahu.

Mutane da yawa suna jin "an daina tallafi" sai su ɗauka burauzar za ta mutu. Ba ta mutuwa. Za ka danna ta ta buɗe, ka shiga Facebook, ka duba imel, komai lafiya lau. Abin da aka janye shi ne gyara. Masu bincike da ɓarayin intanet kullum suna gano ɓaraka a cikin burauza, kamfani kuma yana toshewa ya turo sabuntawa, wani lokaci sau da yawa a wata guda. Wanda ke kan 109 ba ya samun wannan faci. Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne, idan aka toshe ɓaraka a sabon Chrome akan sanar da ita a fili, ga shi kuma lambobin da aka rubuta manhajar Chromium da su a buɗe suke ga kowa. Mai mugun nufi sai ya duba abin da aka gyara, ya san daidai inda tsohuwar burauza take da rauni. Tamkar gida ne da kwaɗon ƙofarsa ya lalace, aka yi shela a unguwa, mai gidan kaɗai ne bai ji ba.

Dalilin kamfanonin ba ɓoyayye ba ne. Microsoft da kanta ta sallami Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ta ci gaba da sayar wa ma'aikatu da kamfanoni gyaran tsaro na kuɗi har zuwa 10 ga Janairu 2023, ranar da wa'adin Windows 8.1 ma ya cika. Burauza tana dogara ne da katangun tsaron da ke cikin Windows don ta killace shafin da ke ɗauke da cuta. Idan mai Windows ya daina gyara nasa, mai burauza zai yi ta rubuta lambobi na musamman don tsarin da ba wanda ke kula da shi. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ba yau aka fara ba: haka aka yi wa Windows XP da Vista a 2016, lokacin da Chrome ya tsaya musu a na 49.

Duk da haka, a ganina nauyin ya faɗa ne a kan wanda bai da ƙarfin ɗauka. A garuruwanmu kwamfuta ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, ita ce ta fi yawa. Ka leƙa shagon buga takardu ko kafe inda ake cike wa ɗalibai fom, za ka tarar da tsohuwar kwamfuta a kan tebur, firinta a gefe, a saman shafin Chrome kuma ga wani siririn layi yana cewa sai an koma Windows 10 kafin a sake samun sabuntawa. Yaron shago ya saba, yana danna alamar rufewa ya ci gaba da aiki. A kan wannan kwamfutar ake shigar da lambar NIN ta mutane, da lambar katin banki, da kalmar sirrin imel ɗin duk wanda ya zo.

Mozilla, mai burauzar Firefox, ta fi sassauci. Firefox na 115, wanda ya fito a Yuli 2023, shi ne na ƙarshe ga Windows 7 da 8 da 8.1, amma ta mayar da masu waɗannan kwamfutoci kan wani reshe mai suna ESR, wanda ba ya kawo sabbin abubuwa sai gyaran tsaro kawai. Da farko wa'adinsa Satumba 2024 ne, sai ta ɗage shi fiye da sau ɗaya saboda yawan masu amfani da shi. Sassauci ne na ɗan lokaci, kuma Windows ɗin da ke ƙarƙashinsa yana nan ba gyara.

Bayan haɗarin tsaro akwai lalacewar da ke zuwa sannu a hankali. Shafuka suna komawa sabbin hanyoyin gini, takardun shaidar tsaro da ke cikin tsohuwar manhaja kuma suna da ranar ƙarewa. Ranar 14 ga Maris 2025 wata irin wannan takarda ta Mozilla ta ƙare, kuma kamfanin ya yi gargaɗi tun kafin lokacin cewa duk wanda ke ƙasa da Firefox 128, ko ESR 115.13, ƙananan manhajojin da ya liƙa wa burauzarsa za su iya daina aiki.

Don sanin inda ka tsaya, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, zai nuna maka wane Windows kake kai. A Chrome kuma rubuta chrome://version a wurin adireshi. Idan ka ga 109, to ka daina harkar banki da shigar da bayanan mutane a kan wannan kwamfutar, wayar da ke samun sabuntawa ta fi aminci.

Komawa Windows 10 yanzu ba mafita ce mai nisa ba. Microsoft ta rufe ƙofar hawa kyauta daga Windows 7 a Satumba 2023, sannan ranar 14 ga Oktoba 2025 wa'adin tallafin Windows 10 ɗin kansa ya cika. Windows 11 kuwa yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon furosesa, abin da yawancin kwamfutocin zamanin Windows 7 ba su da shi. Ga irin waɗannan, Linux Mint ko Lubuntu, tsare-tsaren da ake sawa a madadin Windows, kyauta ne, ba su da nauyi, kuma sabon Firefox yana tafiya a kansu. Kafin mai gyara ya taɓa komai, a kwashe takardu da hotuna a filashi, a kuma gwada ko firintar shagon za ta yi aiki da sabon tsarin.