Zobe a ƙafar tsuntsu: aikin da ake yi a tashar Ottenby idan kaka ta kama

A kudancin tsibirin Oland na ƙasar Suwidin, daidai inda ƙasa ta tsuke ta shige cikin tekun Baltik, akwai wata doguwar hasumiya mai haska wa jiragen ruwa hanya. A gindinta aka kafa tashar nazarin tsuntsaye ta Ottenby a 1946. Daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Nuwamba, kullum da asuba, ma'aikatan wurin na kama ƙananan tsuntsaye masu ƙaura, su sa musu zobe, su sake su.

Me ya sa sai a bakin teku?

Yawancin ƙananan tsuntsayen nan tafiyar dare suke yi. Wanda gari ya waye masa a kan ruwa, a gajiye, tudun da ya fara hangowa shi zai nufa. Ga kuma masu bin gaɓa suna jan ƙafa kafin su yi ƙundunbalar tsallakawa, har ƙasa ta ƙare musu. Sai ɗan lambun da ke gindin hasumiyar ya zama zango. Idan aka kwana da hazo ko yayyafi, kuma fitilar ta janyo su, da safe kowane reshe ka duba motsi yake yi. Idan kuwa sama ta yi garau, iska na bayansu, sai su wuce abinsu a bar ma'aikata da shan shayi.

Yaya ake kama su?

Da raga mai siririn zare baƙi, wadda ake ɗaurewa tsakanin sanduna biyu a gaban duhuwa. Tsuntsu ba ya ganinta, yana bugunta sai ya zame cikin aljihunta ya kwanta. Akwai kuma tarkon waya irin na tsibirin Heligoland a Jamus: bakinsa faffaɗa, yana tsukewa har ya ƙare a ɗan akwati, sai a kora tsuntsayen ciki a hankali. Ana zagaya ragar a kai a kai, domin barin tsuntsu ya daɗe a rataye cikin sanyi kisa ne. Wanda aka ciro a sa shi a jakar yadi shi kaɗai, duhun ciki yana kwantar masa da hankali.

Idan an kai shi ɗakin aiki, sai me?

Nan ƙwarewa take. Mai sa zobe yana riƙe wuyan tsuntsun tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, bayansa a tafin hannu, ba matsi. Ya faɗi irinsa, ya zaɓi zoben alminiyam daidai ƙafarsa, ya matse da filaya ta musamman yadda zoben zai riƙa juyawa amma ba zai zare ba. A jikin zoben akwai lamba da ba ta da ta biyu, da adireshin gidan tarihi na Stockholm.

Sai ya buɗe fiffike ya duba gashin. Daga launinsa da yadda bakinsa ya cinye ake gane ɗan bana ne ko babba, kuma a bakin teku 'yan bana sun fi yawa nesa ba kusa ba. A auna tsawon fiffiken. Daga nan ya kifa tsuntsun ya hura masa iska a ciki, gashin ya dāre, kitsen da ke ƙarƙashin fata ya bayyana rawaya-rawaya, a ba shi maki. Wannan kitsen shi ne guzurinsa. Ƙarshe a zura shi da ka cikin ɗan bututu a ɗora a ma'auni, ƙafafu a sama. Ganin haka da ban dariya, amma a nan ya fi zama shiru. Duk wannan a hannun gwani bai fi minti ɗaya ba.

Zoben ba ya cutar da shi?

Nauyinsa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da jikin tsuntsun. Haɗarin yana wajen kamu da riƙo, shi ya sa ba a barin kowa ya yi sai wanda ya daɗe yana koyo kuma ya sami lasisi.

Ina suke zuwa?

Wasu ba sa wuce kudancin Turai. Wasu kuwa sai sun tsallake Bahar Rum da Sahara. Akwai wani ɗan mitsitsi mai ruwan ganye, Phylloscopus trochilus a kimiyance, nauyinsa kamar dunƙulen Maggi biyu. Na kudancin Suwidin suna bin kudu maso yamma su sauka Afirka ta Yamma, na arewacin ƙasar kuma su karkata gabas zuwa gabashi da kudancin Afirka. Zobe na cikin abubuwan da suka nuna wannan rabuwar hanya. Wani ƙiyasi na 2009 ya ce ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2.1 ke shigowa Afirka daga Turai kowace kaka.

Masu bincike daga Ottenby sun biyo sawunsu har Najeriya, sun kafa raga a Malam Fatori, bakin tafkin Chadi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI ta Jami'ar Jos ma na irin wannan aiki a dajin Amurum.

Ana sake ganin tsuntsayen kuwa?

Da ƙyar. A ƙanana, ko ɗaya cikin 100 ba a sake jin labarinsa daga nesa. Wanda zai ce wahalar ta fi riba yana da abin faɗa, in dai gano hanya kaɗai ake nema, musamman yanzu da ake da 'yan na'urori da ake goya wa tsuntsu. Amma a ganina babban amfanin tasha irin wannan yana cikin nacinta: raga iri ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, shekara da shekaru. Ta haka ake gane irin da ke raguwa da wanda ya sauya lokacin tafiya. Ƙirga na yau da kullum irin wannan ne ya nuna a Birtaniya, a 1969, cewa fiye da rabin wasu irin tsuntsaye masu farin maƙogwaro ba su dawo daga Afirka ba. Da aka bi diddigi, sai aka tarar fari na rashin ruwan sama da ya faɗa wa Sahel, inda suke cin rani, shi ya cinye su.

Tun yaushe aka fara?

Wani malamin makaranta a Danmak, Hans Christian Mortensen, shi ya fara sa zobe mai lamba da adireshi a 1899. Kafin nan, a 1822, an harbo wani babban tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyansa, abin da ya nuna wa Turawa nisan inda tsuntsayensu ke zuwa.

Idan na tsinci tsuntsu da zobe fa?

Ba asiri ba ne, ba kuma leƙen asiri ba, ko da yake a Masar a 2013 an taɓa tsare wani ɗan'uwan shamuwa saboda na'urar da ke bayansa. Rubuta lambar da adireshin duka, da ranar, da garin da ya fi kusa, da yadda aka same shi: a tarko, a bakin kyanwa, ko a danƙon yara. Idan yana da rai, ɗauki hoton zoben da waya ka sake shi da abinsa. Ana tura bayanin ta shafin ring.ac na EURING, ƙungiyar ofisoshin sa wa tsuntsaye zobe na Turai, kuma ofishin da ya ba da zoben kan aiko wa mai rahoto ranar da aka sa shi da wurin.