Waiwaye: Yadda man da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya ya shiga harkar garkuwar jiki

Majinyacin da hanjinsa ya daina aiki, ta jijiya ake ciyar da shi. Sukari da gishiri suna narkewa a ruwa, amma mai ba ya narkewa, a nan likitoci suka daɗe suna fama. Amurkawa sun gwada man angurya mai suna Lipomul, ya riƙa jawo zazzaɓi da matsalar hanta, har aka janye shi a shekarun 1960. Arvid Wretlind na ƙasar Suwidin ne ya dace, ya haɗa man waken suya da wani sinadari daga gwaiduwar ƙwai, ya fito fari fat kamar madara. A 1962 aka amince da shi da sunan Intralipid.

A wancan lokaci abinci kawai aka ɗauke shi. Wajen ƙarshen shekarun 1970 aka fara lura cewa fararen ƙwayoyin jini suna yin sanyi wajen bin ƙwayar cuta idan an ɗura man da sauri. A 1980 wani gwaji kan ɓeraye ya nuna ƙarfinsu na kawar da bakteriya ya ragu. Dalili na farko, ƙwayoyin da ke tace jini a hanta da saifa suna cika cikinsu da ɗigon mai, su bar aikinsu. Na biyu kuwa, kusan rabin man waken suya nau'in omega-6 ne, wanda jiki ke sarrafawa zuwa sinadaran da ke hura kumburi. A 1997 aka gwada a kan waɗanda suka ji munanan raunuka a Kalifoniya, waɗanda aka jinkirta wa man suka fi tsira daga kamuwa da cuta. Sai dai su ma abincin da aka ba su bai kai na sauran yawa ba, don haka a ganina ba za a ɗora wa man laifin duka ba.

Daga nan aka shiga sirki. Aka kawo man kwakwa, sannan man zaitun, sannan man kifi mai omega-3 da ke lafar da kumburi. Wani mai da ake kira SMOFlipid ya haɗa huɗun: waken suya kashi 30, kwakwa 30, zaitun 25, kifi 15. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba sai 2016, Turai kuwa ta riga ta da shekaru. A 2018 hukumar ta amince da Omegaven, zallar man kifi, don yaran da ciyarwa ta jijiya ta taɓa musu hanta, galibinsu bakwaini.