Tsohuwar Zuma da Sabon Yayi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sabo da Marmari

A rubuce, “sabo” na sabon abu da “sabo” na sabawa kalma ɗaya ce, karin murya kaɗai ya raba su. Mai gidan kallo, mai sa kiɗa a biki, uwargida a madafa da manomi a bakin gona duk tsakanin waɗannan biyun suke kai-komo. In sun tsaya kan abin da aka saba, a ce sun gunduri mutane. In sun kawo baƙon abu, a juya masa baya. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan wannan a ƙauyukan Kano da Jigawa.

Me ya sa waƙar da ban so ba ranar farko take shiga raina bayan mako guda, bayan wata kuma ta ishe ni?

Haka zuciyar ɗan Adam take. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Zajonc, ya riƙa nuna wa mutane kalmomin da ba su da ma'ana a wurinsu da hotunan fuskokin da ba su sani ba, wasu sau ɗaya, wasu har sau 25. Waɗanda aka fi nunawa su aka fi so. Kunne da ido suna samun natsuwa da abin da suka taɓa cin karo da shi, domin ba sai sun yi wahalar gane shi ba. Amma natsuwar tana da iyaka. Daniel Berlyne a Kanada ya nuna a 1970 cewa abu mai sauƙi yana saurin gundura in ana maimaita shi, mai sarƙaƙiya kuwa daɗinsa ƙaruwa yake yi. Shi ya sa waƙa mai layi biyu da ake ta juyawa takan yi tashe wata guda ta mutu, mai zurfin Hausa kuma ta shekara talatin ana nemanta.

Makaɗanmu sun riga masana gano wannan. Saurari yadda aka gina waƙoƙin Mamman Shata: amshi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kalangu bai sauya ba, amma kowane ɗa na waƙar da sabon zance yake zuwa. Amshin ne ke riƙe mai sauraro, ɗiyan ne ke hana shi gajiya. Duk shawarar da za ta biyo baya daga nan ta samo tushe: a bar gindin yadda aka san shi, a sauya abu ɗaya a kansa.

Malam, ina sa kiɗa a bukukuwa. Duk lokacin da na saki sababbin waƙoƙi sai fili ya watse, in na tsaya kan tsofaffi kuma 'yan mata su ce ban waye ba. Yaya zan yi?

Ɗan'uwa, lissafi za ka yi tun daga gida. Waƙa ɗaya tana cin kusan minti 5, ke nan a awa biyu waƙa 24 za ka sa. Ka ware 16 sanannu, 8 sababbi. Sananniya kuma ba wadda kai ka sani ba ce. Wadda ake ji a shagon cajin garin ce, wadda ke tashi a wayoyin 'yan acaɓa ranar kasuwa. Kwana biyu kafin biki ka sa a tambayo maka ƙawayen amarya waƙa uku da suke so, a kuma tambayo wata gwaggo ko inna uku nata.

Ka buɗe da sanannu uku a jere har fili ya cika. Sabuwa tana shiga ne a bayan wadda ta fi tashe, lokacin da jiki ya riga ya ɗauki rawa, kuma saurin kiɗanta ya zama kusa da na wadda ta gabace ta. In ka sauko daga kiɗa mai zafi zuwa baƙuwar waƙa mai sanyi, abu biyu ka sauya lokaci ɗaya, ƙafa da kunne duka sun ɓata. Kada ka jera sababbi biyu. Ka riƙa kallon fili: in liƙi ya tsaya, mata sun fara komawa kan tabarma suna gyara goyo, ka yanke kafin minti ɗaya ka koma sananniya. Sabuwar da ta karɓu, ka dawo da ita sau ɗaya gab da tashi. Jin nan na biyu shi ke sa gobe a je shago a ce a tura ta. Ko waƙar da ta fi kowace tashe, kada ta wuce sau biyu a zama ɗaya.

Yinin iyaye mata daban yake. Nan kiɗan ƙwarya da amada irin ta Barmani Choge su ne gindi, na zamani su ne baƙi. Kuma ka saurari kowace sabuwar waƙa har ƙarshe kafin ka fito da ita. Habaicin kishiya a bikin amaryar da za ta tarar da uwargida a gidan yana iya haddasa gabar da za ta daɗe bayan an kwashe rumfa.

Ina da gidan kallo da shagon caji. Ranar ƙwallo benci yana cika, sauran ranaku sai ƙona fetur. Ina matsalar?

Ƙwallo ta haɗa abu biyun a jikinta: ƙungiyoyin an san su, sakamakon ba wanda ya sani. Abin da za ka nema wa sauran ranakun ke nan. Firimiya tana cin Asabar da Lahadi daga Agusta zuwa Mayu, gasar Zakarun Turai kuma Talata da Laraba. Ka ba Litinin shiri mai dogon zango, kashi ɗaya ko biyu, bayan sallar Isha, kuma lokacin kada ya motsa. Alhamis ta zama ta tsohon fim da 'yan kallo suka zaɓa da kansu. Sabon fim ka ajiye shi ga daren kasuwar yankinku, lokacin da akwai kuɗi a aljihu da baƙi a gari: Juma'a ga na kusa da Wudil, Lahadi ga na Dambatta da Gujungu. Na wajen Maigatari, da kasuwarsu ke ci Alhamis, sai su musanya ranakun. Ka rubuta shirin dare da alli a allon ƙofa tun la'asar, har da sunan jarumin da aka sani, domin sunan ne ke shigo da mutum kallon labarin da bai sani ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci a dare ɗaya. Ka samu littafi, kowane dare ka rubuta yawan masu shiga da litar man da ka sha, har mako 4. Shirin da adadinsa ke hawa ko da kaɗan-kaɗan rashin sabo ne ya dame shi, a ba shi lokaci. Wanda ya fara da cika yana sauka ya gundura, a hutar da shi. Yuni da Yuli kuwa ba ma'auni ba ne, mutane sun gaji da noma.

A wajen tura fina-finai a waya, wanda ya zo neman ci gaban shirinsa ka ba shi, ka ɗora masa kashi na farko na wani sabon shiri a matsayin gyara. Kashi ɗaya ya isa.

Don me fina-finan Hausa ba sa fita daga soyayya, kishiya da rabon gado?

Tun Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, mai shirya fim kuɗinsa yake zubawa, kuma abin da ya sayu jiya shi ya fi ba shi kwanciyar hankali. Jigon kansa ba laifi ba ne, rayuwar mutane ce. Daɗin Kowa na Arewa24 ya daɗe ana kallo da gari ɗaya da mutane ɗaya, domin rigimar ce ke sauyawa. Inda ake gazawa shi ne mai kallo ya hango ƙarshen labari tun fitowa ta farko, ko a ja zancen kashi goma ya koma arba'in.

Malam, maigida da yara suna ƙorafin tuwo da miyar kuka kullum, ga hali ya yi tsanani. Da na gwada sabon girki kuma aka bar min shi a kwano.

Hajiya, tuwon ba shi ne ya ginshe su ba, miyar ce. Harshe yana gajiya da ɗanɗano ɗaya ko da ciki bai cika ba, kuma sauya miya ya fi sauya hatsi araha nesa ba kusa ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, yakuwa, lalo da taushe miya shida ke nan, kusan duka daga bayan gida da gona. Ki jera su yadda masu yauƙi biyu ba za su biyo juna ba. Ganyen da za a ajiye don rani a shanya shi a inuwa. Rana tana ƙone launinsa da ƙamshinsa, shi ya sa wata kukar take fitowa ja-ja ba daɗi. Hatsin nan ɗaya kuma yana iya sauya kama: masarar tuwo ita ce ta dambu da fate, geron kunu shi ne na burabusko. Sau biyu a mako a sauya kamar, an wadatar.

Sabon girki kuwa kada ya zo shi kaɗai a daren da kowa ya dawo daga gona da yunwa. Ki sa shi kaɗan a gefen abin da aka sani. Ɗauki waken suya: in aka jiƙa shi aka niƙa ɗanye, ƙarni yake yi, daga ranar kuma an tsane shi. A wanke, a cire ɓawon, a shanya, a soya a busasshen kasko har ya yi ruwan ƙasa, sannan a kai niƙa. A tuwo a fara da gwangwani 1 cikin gwangwani 5 na dawa. Ga kunun yara akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa: gwangwani 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, kowanne a soya shi daban. Yaro ƙarami yakan bukaci a gabatar masa da baƙon abinci sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa. Ƙin farko ba hukunci ba ne, ɗura da tsawa kuwa ƙara masa ƙiyayya suke yi.

Jikokina tatsuniya ɗaya suke so kullum, in na sauya ko kalma ɗaya sai su gyara min. In ci gaba da maimaitawa?

Ki ci gaba, Iya. Yaro da maimaici yake koyon harshe, kuma gyaran da suke yi miki shaida ce sun haddace. “Ga ta nan, ga ta nanku” da waƙar tsakiya da “ƙurunƙus” kada a taɓa su. Sabon abu ya shigo ta wata ƙofa: ki tsaya daidai inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya ki ce su faɗi dabarar da zai yi, ko ki bar babbansu ya ba da rabin ƙarshe. A dare ɗaya, tsohuwa biyu, sabuwa ɗaya a tsakiya. Tashe ma haka ya rayu: daga goma ga azumi wasannin da iyaye suka yi su yara ke fitowa da su, gemun auduga da tsumma a ciki, sai dai kowace shekara da ɗan abin da suka ƙara na zamaninsu.

An kawo mana sabon irin gero da wake, an ce sun fi namu. In watsar da na gado?

A'a, kada ka watsar, kada kuma ka ƙi gwadawa. Nan kuskure ya fi tsada, domin rumbu ne zai biya. Iri irin su geron SOSAT na cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT na cibiyar Samaru a Zariya, da yawansu suna nuna da wuri, abin da ke da amfani a arewacin Jigawa inda damina gajera ce. Ka saya ta hannun malamin gona na KNARDA ko JARDA, wato hukumomin bunƙasa noma na jihohin Kano da Jigawa, ko dila mai rajista, a leda rufaffiya mai takarda. Kafin shuka ka naɗe ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma kwana 5 zuwa 7. In ƙasa da 16 suka tsiro, irin ya yi rauni.

Ka ba shi kashi ɗaya cikin biyar na gonar, misali kunya 10 cikin 50, gefe da gefe da naka. Rana ɗaya za a shuka su, taki ɗaya, noma ɗaya. Kada ka kai shi gefen da ƙasa ta mutu, kada kuma ka sa shi inda shanu suka kwana, in ba haka ba ƙasar ka auna, ba irin ba. Da kaka kada ka ƙirga dami kawai, zangarniyar SOSAT gajera ce mai kauri. A sussuke, a auna da kwano daga kunya daidai da daidai. Sai a kai cikin gida: yaya furarsa, tuwonsa yana kwana a yi ɗumame? Karansa yana yin danni? A wake a duba harawa, domin wanda ke tsaye mai saurin nuna bai kai kanannado ganye ba, ga shi yana son feshi sau 2 zuwa 3. Mai tumaki dole ya sa wannan a lissafi.

Abu biyu ke yawan ɓata gwaji. Geron da ya riga na maƙwabta nuna shi kaɗai tsuntsaye ke tarar wa, saboda haka ku haɗa kai ku huɗu ko biyar masu gonaki kusa ku shuka tare. Na biyu, gero iska ce ke ɗaukar bununinsa, yana gauraya da na kusa. Irin baɗi a ɗebe shi daga tsakiyar fili, bayan kamar shekara uku a sabunta. Wake ba ya saurin gauraya haka. Masarar da aka rubuta haɗaɗɗen iri ce a ledarta kuwa ba a maimaita shukarta, amfanin raguwa yake yi.

Sai irin ya yi damina biyu, a so ɗaya mai ruwa ɗaya mai ƙaranci, kafin ka kai shi rabin gona. Na gadon kuma ka busar da kwano biyu ko uku sosai, ka zuba a jarka mai murfin da iska ba ta shiga, ka ajiye a ɗaki mai sanyi, kana shuka ko kunya biyar ce duk shekara don kada ƙwayar ta mutu a ajiye.