Takardar likita ta sayen kayan lambu: me dokar Amurka ta tanadar wa tsofaffi?

A wasu asibitocin Amurka, likita kan duba tsoho mai ciwon suga ko hawan jini, ya rubuta masa ƙwayoyi, sannan ya ƙara masa wata takardar ta daban: ta alayyafo, karas, tumatir da lemo. Da ita ake ba shi tikiti ko kati mai kuɗi a ciki, ya je kasuwar manoma ko kanti ya ɗebi kayan. A wasu wuraren ma kwali ake cika masa.

Tushen wannan yana cikin dokar noma ta 2018, wadda ta kafa shirin GusNIP na taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su sayi kayan lambu da 'ya'yan itace, ta ware masa dala miliyan 250 na shekara biyar a ƙarƙashin ma'aikatar noma. An sa wa shirin sunan Gus Schumacher, tsohon babban jami'in ma'aikatar da ya rasu a 2017, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Wholesome Wave, wadda ta yi fice wajen fara gwada wannan dabara. Sai dai kason takardar likita bai wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin ba.

Sharaɗi biyu ne na samun takardar. Na farko, mutum ya cancanci tallafin abinci na SNAP, ko yana cikin inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, Medicaid. Na biyu, ya fito daga gida mai ƙaramin ƙarfi da ke fama da cutar da ke da alaƙa da irin abincin da ake ci, kamar ciwon suga, ko ake fargabar kamuwa da ita. A nan tsofaffi kan ruɗe. Medicare, inshorar da ake shiga a shekara 65, ba ta cikin sharuɗɗan, don haka tsufa kaɗai ba ya buɗe wannan ƙofa.

Abin da ya fi damuna shi ne, dokar ba ta mayar da wannan haƙƙin kowa ba. Kuɗin ba hannun tsoho yake zuwa ba. Ƙungiyoyi da hukumomi ne ke nema, su haɗa kai da wani asibiti, a ba wanda ya yi nasara na 'yan shekaru, kuma dole su auna ko cin kayan lambu ya ƙaru, ko yunwa ta ragu a gida, ko zaryar asibiti ta yi sauƙi. Tsohuwar da asibitin garinsu bai shiga ba, ko ta cika kowane sharaɗi, ba ta da wanda za ta kama. Wadda ta samu kuwa, ranar da wa'adi ya cika takarda ta tsaya, ciwon suga yana nan daram.

Dokar ta kuma ce ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace za a rubuta. Mai ƙarfi ba zai ga aibin wannan ba. Amma dattijon da haƙora suka zube, hannu na rawa in ya riƙe wuƙa, ba mota, yana zaune shi kaɗai, kabeji guda kan ruɓe masa kafin ya ci rabi. Na gwangwani ko na firiza ya fi masa amfani.

Akwai wani shirin daban na 'yan shekara 60 zuwa sama masu ƙaramin ƙarfi, na tikitin kasuwar manoma, wanda ba ya buƙatar sa hannun likita. Abin da gwamnatin tarayya ke ba mutum a cikinsa dala 20 zuwa 50 ne, na shekara guda cur.