Maganin Tsila a Dabbobi ta Hanyar Tsirrai

Tsila tsutsa ce fara, mai faɗi, mai gaɓa-gaɓa, da ke zama a ƙaramin hanjin dabba. A tumaki da awaki an fi samun nau'in Moniezia expansa, wadda tsawonta kan kai mita da yawa. A shanu kuwa Moniezia benedeni. Dabba kan ɗauke ta a wurin kiwo, idan ta haɗiye wasu ƙananan ƙwari da ke cikin ciyawa ɗauke da ƙwan tsutsar. Kaji kan samu tasu ta hanyar cin tururuwa da buzuzu da ƙuda, kare kuma ta ƙuma ko ɗanyen kayan ciki. Makiyayi kan gane ta ne da safe a garke, idan ya ga farare-farare kamar ƙwayar shinkafa a kashin ɗan rago.

A ƙasar Hausa da rugagen Fulani, sassaƙen maɗaci ne kan gaba. Akan daka shi a jiƙa ya kwana, wani lokaci da ɗan kanwa, a ɗura wa dabba kafin ta fita kiwo. Ana kuma amfani da marke da shuwaka da 'ya'yan gwanda. Sai dai yawancin gwajin da aka yi wa waɗannan itatuwa a kan tsutsar ciki mai siffar zare aka yi shi, ba tsila ba.

Tsirran da suka yi suna a kan tsila ita kanta kaɗan ne. 'Ya'yan kabewa na ɗauke da sinadarin kukurbitin, wanda ke kashe wa tsutsar jiki har ta saki bangon hanji, shi ya sa ake biyo su da maganin wankin ciki. Daga ɓawon bishiyar rumman ne Bafaranshe Charles Tanret ya fitar da sinadarin feletiyerin, mai maganin tsila, a 1878. Habasha kuwa tana da furen bishiyar koso, wanda ya shahara har Turai, amma yawansa na iya taɓa ido.

Inda gizo ke saƙa shi ne kan tsutsar, wato ɓangaren da take kama bangon hanji da shi. Tsila takan zubar da gaɓoɓinta ko ba a ba da magani ba, don haka ganin su a kashi ba shaidar warkewa ba ne. Muddin kan na maƙale a hanji, za ta sake tofowa. Ga kuma matsalar awo, domin ƙarfin jiƙo ya danganta da bishiyar da lokacin da aka sassaƙo ta.

Sau da yawa ma ana ɗora wa tsila laifin da ba nata ba, saboda ita ake gani da ido. Mai ramar da tumaki da damina har dasashinsu ya yi fari ita ce tsutsar Haemonchus mai shan jini. Tun shekarun 1970 likitocin dabbobi ke da maganin firazikwantel, wanda ke kashe tsila har da kan nata.