Raunin yara a gida da kan hanya: amsoshin tambayoyin da iyaye ke ta maimaitawa

Na shafe shekaru ina karɓar yaran da ake kawowa asibiti a sukwane, wani da ƙuna, wani da karaya, wani kuma an tsamo shi daga ruwa, kuma tambayoyin da iyaye ke yi mini a bakin gado kusan ba sa sauyawa. Na gaji da ba da amsa bayan aikin gama ya gama, shi ya sa na tattara su a nan domin a karanta tun yaro yana cikin ƙoshin lafiya.

Ashe ba tsautsayi ba ne, wanda aka ce ba ya wuce ranarsa?

Ba na jayayya da ƙaddara, amma ina jayayya da mai fakewa da ita ya bar rijiya a buɗe. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da rahoto kan raunin yara, inda suka ƙiyasta cewa yara kusan 830,000 'yan ƙasa da shekara 18 ke mutuwa duk shekara ta irin wannan hanya, wato sama da 2,000 a kowace rana. Abubuwa biyar ne ke kan gaba: haɗarin mota, nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗuwa da shan guba. Abin da ke faruwa ta hanyoyi biyar ɗin nan kullum, a wurare iri ɗaya, ga yara masu shekaru iri ɗaya, yana da sanadin da aka sani, kuma sanadin da aka sani ana iya toshe shi. Kusan kashi 95 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici suke aukuwa, ba domin yaran ƙasashe masu arziki sun fi natsuwa ba, sai domin an gyara musu hanyoyi da gidaje da kwalaben magani.

Da gaske yaro zai iya nutsewa a cikin bokiti?

Ƙwarai kuwa. Ruwan da zurfinsa bai wuce santimita biyar ba ya isa, domin kan ƙaramin yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, idan ya leƙa sai ya kifa, kuma ba shi da ƙarfin da zai ɗago kansa. Abin da iyaye ba sa yarda da shi har sai ya same su shi ne, nutsewa ba ta da ƙara. Babu ihu, babu fantsamar ruwa. Na taɓa karɓar yaro ɗan wata goma sha huɗu wanda mahaifiyarsa ta jiƙa kayan wanki, ta shiga ɗaki ɗauko waya, ta dawo ta iske ƙafafunsa biyu a sama. Har yau ina tuna yadda take ta maimaita cewa ba ta ji komai ba, kuma gaskiya ta faɗa. 'Yan shekara ɗaya zuwa huɗu ne suka fi mutuwa a ruwa. Ku zubar da ruwa da zarar kun gama, ku kife bokiti da baho, ku rufe rijiya da tanki da murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba.

Me zan shafa wa ƙuna?

Kada ku shafa komai. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba mai, ba toka, ba ƙanƙara. Ku sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana kwarara har tsawon minti ashirin cur, ku cire tufafin da bai manne da fata ba, ku rufe da tsumma mai tsabta, ku lulluɓe sauran jikin don kada sanyi ya kama shi, sannan ku taho asibiti. Duk abin da kuka shafa sai mun kankare shi kafin mu ga ciwon, kuma yaron ne ke shan azabar kankarewar. Fatar yaro ta fi ta babba laushi, saboda haka ruwan zafin da zai yi wa babba ja kawai, shi yaro saɓule masa fata zai yi.

Na yi masa faɗa sau da yawa, me ya sa yake komawa wurin wuta?

Saboda ɗan shekara biyu ne. Faɗan jiya ba ya zama a kansa har zuwa yau, kuma dukansa ba zai sa ƙwaƙwalwarsa ta girma kafin lokacinta ba. Tukunyar za ku ɗaga, ku juya mariƙinta ya kalli bango, ku sa shinge tsakaninsa da murhu, ku kuma daina shan abu mai zafi alhali kuna rungume da shi.

Zan iya barin yayarsa ta kula da shi?

Idan yayar ba ta wuce shekara bakwai ko takwas ba, ita ma mai bukatar a kula da ita ce. Ba adalci ba ne a ɗora wa yarinya nauyin ran ƙaninta, sannan idan abu ya faru ta rayu da wannan tabo har tsufanta.

Yarona ya faɗo ya bugu a kai, in kai shi asibiti ko in zuba masa ido a gida?

Wannan ce tambayar da ba zan iya amsawa da kalma ɗaya ba, kuma duk wanda ya yanke muku hukunci a kanta ba tare da ya ga yaron ba, ku yi hattara da shi. Yawancin faɗuwar yara ba ta haifar da komai sai kuka da ƙulu a goshi. Yaron da ya faɗi daga tsayuwarsa, ya fasa kuka nan take, aka rarrashe shi ya yi shiru, bayan ɗan lokaci ya koma wasansa ya kuma ci abinci, galibi lafiyarsa ƙalau, kuma girman ƙulun goshi ba shi ne ma'aunin hatsari ba. Sai dai na ce galibi ne, ban ce kullum ba, domin jini na iya taruwa a cikin kai sannu a hankali, yaro ya yi kamar ya warware, bayan sa'o'i kuma ya rikice.

Akwai alamomin da idan an ga ko da ɗaya daga cikinsu babu sauran shawara, asibiti za a nufa: ya suma ko da na ɗan lokaci kaɗan ne, ko ya yi jijjiga, ko yana ta amai fiye da sau ɗaya, ko barci ya danne shi har ana tashinsa da ƙyar, ko jini ko wani ruwa garai-garai na fita ta kunne ko hanci, ko tafiyarsa ko maganarsa ta sauya, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta yi sanyi ba ya motsa ta yadda ya saba, ko ciwon kai na ƙaruwa maimakon raguwa. Ga jariri kuma a duba maɗiga ko ta kumbura, a lura ko ya ƙi kama nono, ko yana kukan da ba a saba ji ba. Idan yana kukan ciwon wuya, ko ya faɗo daga wuri mai tsawo sosai, kada a ɗaga shi ana jijjigawa, a riƙe kai da wuya a miƙe.

Bayan alamomi sai a duba yadda faɗuwar ta kasance. Ga yaron da bai kai shekara biyu ba, faɗowa daga tsayin da ya kai kusan mita ɗaya abin a duba ne ko da ya yi kamar babu komai, ga wanda ya fi haka kuma kusan mita ɗaya da rabi. Faɗuwa a kan siminti ba ɗaya take da faɗuwa a kan katifa ba, kuma kumburi a gefen kai ko a ƙeya ya fi tayar mini da hankali fiye da na goshi. Jaririn da bai wuce 'yan watanni ba kuwa, ni dai shawarata a kawo shi ko yaya faɗuwar take, domin ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, alamominsa kuma a ɓoye suke.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ana iya lura da shi a gida na kwana ɗaya zuwa biyu, da sharaɗin akwai babban mutum a tare da shi, kuma akwai hanyar isa asibiti cikin dare idan hali ya sauya. Wanda gidansa ke nesa da asibiti gara ya taho tun da rana. Ba laifi ba ne a bar shi ya yi barci, hana shi barci ba ya maganin komai, amma a riƙa duba shi a daren farko a tabbatar yana motsawa idan an taɓa shi. Ana iya ba shi farasitamol daidai nauyinsa, amma ban da asfirin. Idan kuma duk alamomin nan babu, amma uwa ta ce ɗanta ba yadda ta san shi yake ba, ni ina ɗaukar maganarta da muhimmanci, kuma na fi so a kawo mini yara goma in sallame su lafiya da a makara da guda ɗaya.

Ya sha kananzir, in sa shi ya yi amai?

A'a. Kananzir ba ciki ya fi yi wa illa ba, huhu yake lalatawa, kuma amai ne ke tura shi can. Haka ma sinadarin wanke banɗaki, yana ƙona maƙogwaro a shigarsa, ya sake ƙonawa a fitarsa. Kada a ɗura masa madara ko mai. A ɗauko kwalbar abin da ya sha a taho da ita. Kuma don Allah a daina zuba irin waɗannan abubuwa a kwalbar lemo ko ta ruwan sha, domin yaro kwalbar yake ganewa, ba abin da ke cikinta ba. Magunguna a kulle su a sama, har da na jakar baƙo da na kaka, kuma kada a taɓa ce wa yaro magani alewa ne.

Ya haɗiye ƙaramin batir, ba zai fita da kansa ba?

Kada ku jira. Batir ɗin nan mai kama da maɓalli, na agogo da rimot da kayan wasa, idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin sa'o'i biyu kacal, alhali yaron yana wasa kamar babu abin da ya faru.

Idan na riƙe shi gam a cinyata cikin mota, bai isa ba?

Bai isa ba. A lokacin karo nauyin yaro yana ninkuwa har ya fi ƙarfin hannun kowane mahaluki, kuma wanda ke kujerar gaba gilashi zai tarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara da aka ɗaure daidai tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kusan kashi 71 cikin 100, ta kuma ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yaro a kujerar baya yake zama, a kan babur kuma da hular kwano daidai kansa. Wanda bai kai kimanin shekara goma ba bai iya auna gudun mota da nisanta ba, don haka kada a aike shi ya tsallaka babban titi shi kaɗai. Masu tuƙi kuma, kafin ku yi baya da mota a ƙofar gida, ku sauka ku ga inda kowane yaro yake tsaye.

Abin ya riga ya faru da ɗana, laifina ne?

Ban taɓa ganin uwa ko uban da ke iya kallon yaro kowane daƙiƙa na yini ba, kuma mafi yawan waɗanda na gani suna kuka a asibiti mutane ne masu kula ƙwarai, waɗanda hankalinsu ya ɗauke na minti ɗaya. Ku kwantar da hankalinku, ku ji da jinyar yaron. Idan kun koma gida, ku durƙusa a kan gwiwoyinku ku zaga ɗaki ɗaki, ku kalli gidan daga tsayin da shi yake kallonsa, za ku ga wayar wuta da ke lilo, da soket a buɗe, da kujerar da ke jingine a ƙarƙashin taga.

Keken koyon tafiya fa?

Ba ya koya wa yaro tafiya, sai dai ya ba shi gudun da zai kai shi bakin matakala da tsayin da zai jawo abin da ke kan tebur. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun shekarar 2004. Ku shimfiɗa masa wuri mai tsabta a ƙasa, ku bar shi ya yi rarrafensa.