Waiwaye: Yadda Amurka ta bar jaki take dukan taiki kan harbe-harben makarantu

Ranar Talata, 24 ga Mayu, 2022, da ƙarfe 11:33 na safe, wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Robb da ke garin Uvalde a jihar Teksas, riƙe da bindiga ƙirar AR-15 da ya saya kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 18. Ya faɗa azuzuwa biyu na 'yan aji huɗu da ke haɗe da juna, lamba 111 da 112. Ba a kashe shi ba sai ƙarfe 12:50. A cikin mintuna 77 ɗin nan jami'an tsaro 376 ne suka taru a wurin, kamar yadda binciken majalisar jihar ya gano, wasunsu tsaye a bakin azuzuwan sanye da sulke suna jiran a kawo makulli. Yara daga ciki suna kiran lambar gaggawa ta 911 cikin raɗa, suna roƙon a turo 'yan sanda. Iyaye kuwa suna waje suna kuka, ku shiga mana ko ku bar mu mu shiga, jami'ai na tare su. Daga baya shugaban hukumar tsaron jihar ya shaida wa majalisa cewa ga alama ƙofar ba ma a kulle take ba, babu dai wanda ya murɗa ya gani. Yara 19 da malamansu mata biyu suka rasu.

Tun kafin a fara jana'iza, Sanata Ted Cruz na Teksas ya kawo maganinsa: kowace makaranta ta kasance da ƙofar shiga guda ɗaya tak, a sa mai bindiga a bakinta. Wanda bai san Amurka ba zai yi mamakin yadda aka kashe yara da bindiga amma zance ya koma kan ƙofa. Abin ya samo asali.

A 1791 aka shigar da gyara na biyu cikin kundin tsarin mulkin ƙasar, jimla guda da ta ce tun da ƙasa mai 'yanci na buƙatar rundunar sa-kai mai tsari, ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makami ba. A zamanin, bindiga irin ta maharbanmu ce, a ɗura, a harba, a sake ɗurawa. An fi shekara ɗari biyu ana kai ruwa rana kan ko 'yan sa-kai ake nufi ko kowane mutum a karan kansa, kuma jimlar ba ta hana kafa doka ba. A 1934, bayan 'yan daban giya sun addabi Shikago, aka ɗora harajin dala 200 kan bindiga mai sarrafa kanta. A 1968, bayan kisan Shugaba Kennedy da Martin Luther King da Robert Kennedy, aka toshe cinikin bindiga ta gidan waya, hanyar da makashin shugaban ya samu tasa.

Ita kanta NRA, babbar ƙungiyar masu kare haƙƙin mallakar bindiga a Amurka, wadda yau sunanta kaɗai ke sa ɗan majalisa ya haɗiye maganarsa, tsofaffin sojoji ne suka kafa ta a 1871 don koya wa mutane saiti. Ta daɗe tana harkar farauta da gasar harbi. Sai a babban taronta na 1977 a Cincinnati masu tsattsauran ra'ayi, ƙarƙashin Harlon Carter, suka yi wa shugabanninta juyin mulki a dare guda. Daga nan ta zama gidan kamun ƙafa, tana ba 'yan siyasa maki kamar ɗalibai, wanda ta ba shi sifili kuma ya shiga uku a zaɓen fid da gwani.

Makaranta ta shigo cikin maganar sosai ne a Janairun 1989, lokacin da wani mutum ya buɗe wuta kan filin wasan wata firamare a Stockton, jihar Kalifoniya, ya kashe yara biyar, 'ya'yan 'yan gudun hijira daga kudu maso gabashin Asiya. Shekaru biyar da suka biyo baya su ne lokacin da masu son a taƙaita bindiga suka fi samun abin da suke so. An haramta shiga da bindiga kusa da makaranta a 1990. A 1993 aka yi dokar Brady, mai sunan kakakin Shugaba Reagan da harsashi ya nakasa a 1981, wadda ta tilasta wa dillali mai lasisi ya binciki tarihin mai saye. A 1994 aka hana ƙera da sayar da wasu bindigogi masu siffar na soja da gidan harsashin da ke cin fiye da goma. Amma fa an sa wa wannan hanin wa'adin shekara goma, kuma da Satumban 2004 ya zo majalisa ta naɗe hannu ta bar shi ya mutu. A 1996 kuma aka ɗaure wa hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC hannu a kasafin kuɗi, har binciken kisan bindiga ya kusa tsayawa cak na fiye da shekara ashirin.

A wannan shekara ta 1996 wani ya kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane ta ƙasar Sukotland. Kafin ƙarshen 1997 Birtaniya ta haramta kusan duk ƙananan bindigogi. Ostireliya ma, bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur, gwamnatin John Howard, mai ra'ayin riƙau kuwa, ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Duk lokacin da aka yi sabon harbi a Amurka sai an ɗauko waɗannan misalai biyu, ɗaya ɓangaren kuma ya ce can ba su da gyara na biyu.

Sai makarantar sakandaren Columbine, 20 ga Afrilu, 1999, a jihar Colorado. Ɗalibai biyu suka kashe 'yan'uwansu 12 da malami ɗaya a ranar, gidajen talabijin na nuna yara suna fitowa hannu a ka. Uku daga cikin bindigoginsu wata ƙawarsu 'yar shekara 18 ce ta saya musu a kasuwar baje kolin bindigogi, inda a lokacin mai sayar da kayan kansa ba ya binciken kowa. Majalisar Dattawa ta amince a toshe wannan kafa da ƙyar da jiɓin goshi, sai da Mataimakin Shugaba Al Gore ya raba gardama da ƙuri'arsa. A Majalisar Wakilai ƙudirin ya bi ruwa.

A ganina, daga nan aka bar jaki aka koma dukan taiki. Tun da bindiga ta gagari majalisa, sai nauyin ya sauka kan makaranta: kyamarori, na'urar binciken ƙarfe, ɗan sanda na dindindin a harabar, da atisayen ɓuya. Yau kusan kowace makarantar gwamnati na yin wannan atisaye. Malama ta kulle ƙofa, ta kashe fitila, ta tara yara 'yan shekara biyar a kusurwar da ba a hango ta daga taga, ta ce kowa ya yi tsit. Har jakar makaranta mai sulke ana sayarwa. Akwai magidanta a Amurka yanzu da suka yi wannan atisaye suna yara, ga shi 'ya'yansu na yi.

Idan akwai ranar da aka zaci ruwa ya ƙare wa ɗan kada, to 14 ga Disamba, 2012 ce. A firamaren Sandy Hook da ke Newtown, jihar Connecticut, matashi ɗan shekara 20 ya harbe mahaifiyarsa a gida, ya kwashi bindigoginta, ya fasa gilashin gaban makarantar da harsashi domin ƙofa a kulle take, ya kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai da manya shida. Shugaba Obama ya share hawaye a gaban 'yan jarida. Bayan mako guda Wayne LaPierre na NRA ya fito ya ce abin da kawai ke tsayar da mugu mai bindiga shi ne mutumin kirki mai bindiga. A Afrilun 2013 aka kawo ƙudirin faɗaɗa binciken masu saye, wanda sanatoci biyu masu kyakkyawan maki a wurin NRA, Joe Manchin da Pat Toomey, suka rubuta. Ya samu ƙuri'a 54, aka ƙi da 46, amma ya faɗi, domin ƙa'idar Majalisar Dattawa na neman 60. Ga shi kowace jiha sanata biyu gare ta, Wyoming mai mutum ƙasa da 600,000 daidai take da Kalifoniya mai miliyan 39, jihohin karkara kuwa a nan bindiga ta fi farin jini. Iyayen yaran suna zaune a saman zauren suna kallo.

Bai kamata a ɗauki masu kare bindiga duk marasa tausayi ba ne. Manomin da gidansa ke da tafiyar rabin sa'a daga ofishin 'yan sanda yana da hujja idan ya ce kafin a zo an gama da shi, kuma irin hujjar ce gwamnatin Zamfara ta kafa a Yunin 2022 da ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Suna kuma cewa ɓarawo ba ya neman lasisi, kuma bindigogi kusan miliyan 393 da aka ƙiyasta suna hannun fararen hula, fiye da yawan 'yan ƙasar, babu dokar da za ta tattaro su. Alƙaluma ma sun ba su wani abin kamawa: cikin mutum sama da 48,000 da bindiga ta kashe a 2021 fiye da rabi kansu suka harbe, kuma ƙaramar bindiga ta fi AR-15 kisa nesa ba kusa ba. Sai dai alƙaluman nan ne suka nuna cewa tun 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa.

Maganar mutumin kirki mai bindiga kuwa ta sha gwaji. A wata makarantar sakandare da ke Parkland ta jihar Fulorida, ranar 14 ga Fabrairu, 2018, aka kashe mutum 17 alhali ɗan sandan makarantar na tsaye a waje da bindigarsa. An gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a 2023. Abin da ya bambanta Parkland shi ne waɗanda suka tsira sun isa yin magana. Cikin makonni suka cika titunan Washington, kuma Fulorida, jihar da NRA ke ji da ita, ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21, ta ba alƙali ikon karɓe ta daga wanda ake fargabar zai yi ɓarna. Amma a cikin dokar aka cusa shirin ba wasu ma'aikatan makaranta bindiga. Tennessee ma, bayan kashe yara uku da manya uku a wata makarantar Nashville a 2023, abin da ta yi a shekara mai zuwa shi ne halatta wa malamai ɗaukar bindiga a ɓoye.

Wata guda bayan Uvalde abubuwa biyu suka faru a mako ɗaya. Ranar 25 ga Yuni, 2022, Shugaba Biden ya sa hannu kan babbar dokar bindiga ta farko cikin kusan shekara 30: ƙarin bincike kan mai saye da bai kai 21 ba, da kuɗin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da tsaron makarantu. Ba ta hana sayar da ko da samfuri ɗaya ba. Kwana biyu kafin nan Kotun Ƙoli, wadda tun 2008 ta yanke cewa haƙƙin mallakar bindiga na kowane mutum ne, ta ƙara da cewa duk dokar bindiga sai an samo mata makamanciya a tsohon tarihin ƙasar kafin ta tsaya.

Yanzu ido ya fara komawa kan iyaye. A Nuwambar 2021, a garin Oxford na jihar Michigan, wani uba ya saya wa ɗansa mai shekara 15 ƙaramar bindiga. Bayan kwana huɗu malama ta ga yaron ya zana bindiga a takardar lissafi, ya rubuta cewa tunanin ya ƙi barinsa, a taimake shi. Aka kira iyayen ofis. Ba su tafi da shi gida ba, ba su ambaci bindigar ba, babu kuma wanda ya buɗe jakarsa. Da rana ya fito daga banɗaki ya kashe ɗalibai huɗu. A 2024 aka yanke wa uwar da uban ɗaurin shekara 10 zuwa 15 kowanne, karo na farko a tarihin ƙasar da aka ɗaure iyaye saboda ɗansu ya yi irin wannan harbi a makaranta.